DUWATSUN SAMA DA KARATUN TSAKURE: INA RABONMU?



An nemi mu yi jawabi a kan wani fanni na ilmi wanda da yawa daga cikinmu za su ɗauka ya yi nisa da mu ƙwarai, watau binciken duniyoyin da ke kewaya rana, da yadda ake karanta taƙaitattun rahotannin da masana wannan fanni ke gabatarwa a taronsu na shekara-shekara. Mun sani sarai akwai mai cewa a ransa, "Mu da ke fama da tsadar taki da ruɓewar albasa a rumbu, ina ruwanmu da abin da ke faruwa a Wata?" Tambaya ce mai nauyi, kuma za mu amsa ta kafin mu zauna. Amma muna roƙon a yi mana haƙuri tukuna mu nuna cewa wannan ilmi ya daɗe da shigowa ƙasarmu da ƙafarsa, har ya faɗo cikin gonakinmu, mu ne dai ba mu tashi mun tarye shi ba.

Bari mu fara da shi taron. A watan Yuli na 1969 kumbon Afolo 11 ya kai mutane biyu bisa Wata, suka komo da duwatsu da ƙasa wajen kilo 21 da rabi. Aka rarraba wa masana na ƙasashe dabam-dabam, aka ce kowa ya je ya bincika, sa'an nan a haɗu a birnin Hustan na jihar Teksas ta Amurka kowa ya faɗi abin da ya gano. An yi wannan haɗuwa a watan Janairu na 1970, kuma ita ce mafarin taron da yanzu aka sani da Taron Kimiyyar Wata da Duniyoyi, wanda ake taƙaita sunansa da LPSC. Kafin a rufe shirin Afolo a 1972 an kawo duwatsun Wata kilo 382. Daga baya taron ya faɗaɗa, ya haɗa da sauran duniyoyi, da taurari masu wutsiya, da duwatsun da ke faɗowa daga sama. An saba yin sa a watan Maris.

Duk mai son yin magana a taron sai ya fara aika tsakure, watau taƙaitaccen bayanin bincikensa, wanda bai wuce shafi 2 ba. A shekara guda akan tara irin waɗannan tsakure wajen 2,000, wani lokaci ma fiye. Abin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne, an zuba su a intanet kyauta, tun daga na shekarun farko. Ɗalibin da ke Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, yana iya buɗe su da wayar hannunsa ya karanta daidai da ɗalibin da ke Landan ko Tokyo. A da, uzurinmu shi ne littattafai ba su iso laburare ba. Wannan uzuri ya faɗi.

To, me za mu tarar in mun buɗe? Za mu tarar da sunayen garuruwanmu.

Ranar 3 ga Oktoba 1962, a kusa da Zagami cikin Lardin Katsina, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa sai ya ji ƙara kamar ta aradu, ya ga ƙura ta tashi taku kaɗan daga inda yake tsaye. Da aka duba, sai ga dutse mai nauyin kilo 18 ya nutse cikin rami mai zurfin ƙafa 2. Aka kai shi ofishin binciken ƙasa da ma'adinai da ke Kaduna. A lokacin ba wanda ya san daga ina ya fito. Yau masana sun haɗu a kan cewa ɓallin duniyar Mirrihi ne, wadda Turawa ke kira Mas, jar duniyar nan da ko a lokacin da ta fi kusantarmu tana nesa da kilomita miliyan 55 da ɗoriya. Shekaru da dama dutsen Zagami shi ne mafi girman ɓallin Mirrihi guda ɗaya da aka sani a bayan ƙasa. A cikin shekarun 1980 wani ɗan kasuwar duwatsu na Amurka, Robert Haag, ya sami babban kaso daga cikinsa, aka yayyanka, ya bazu cikin ɗakunan bincike da gidajen tarihi da hannun masu tara kayan ban sha'awa. Har ma an sa ɗan ƙanƙanen ɓallinsa cikin wani kumbo da hukumar NASA ta harba zuwa Mirrihi a watan Nuwamba na 1996. Dutsen da ya faɗo a gonar Bahaushe ya koma kewaya mahaifarsa, alhali yawancin Hausawa ba su taɓa jin labarinsa ba.

Wanda duk ya rubuta sunan Zagami a ma'ajiyar tsakuren nan zai ga rahotanni tuli, na masana daga Amurka da Jamus da Japan da Sin da Faransa. Sai ya nemi sunan ɗan Katsina ko ɗan Kabi ko ɗan Sakkwato a cikin marubutan, ya ga yadda zai sha wahala. Wannan shi ne abin da ya tsaya mana a rai, shi ne kuma dalilin wannan lacca.

Yanzu sai mu zo ga yadda ake karatun. Kusan kowane tsakure yana da gaɓoɓi huɗu. Da farko gabatarwa, inda marubuci ke faɗin matsalar da yake son warwarewa da abin da magabata suka ce. Na biyu hanyar bincike, watau wane dutse ya ɗauka, nawa ne nauyinsa, da wace na'ura ya auna. Na uku sakamako, watau alƙaluman da na'ura ta ba shi. Na huɗu tattaunawa, inda yake faɗin abin da yake ganin alƙaluman suna nufi. Babban aikin mai karatu shi ne ya raba gaɓa ta uku da ta huɗu, ya san inda awo ya ƙare da inda fassara ta fara. Mutanen Aliero da suka shahara da ɗori sun san wannan bambanci: abin da hannu ya taɓa ya ji dabam, abin da mai ɗori ya yanke cewa shi ne ciwon dabam, kuma gwani ba ya ɗaure ƙafa sai ya tabbata na biyun ya fito daga na farkon.

Mu gwada wannan ƙa'ida a kan dutsen Zagami. Da wace hujja aka ce daga Mirrihi yake, tun da ba wanda ya ga tasowarsa?

Hujjar ta taru ne sannu a hankali. Da farko an lura cewa Zagami yana da 'yan uwa da suka yi kama da shi, kamar wanda ya faɗo a Chassigny ta Faransa a 1815, da na Shergotty ta Indiya a 1865, da na Nakhla ta Masar a 1911. Dukkansu duwatsu ne da suka daskare daga narkakken dutse irin na aman wuta. Yawancin duwatsun sama shekarunsu sun kai miliyan 4,500, watau tun farkon samuwar rana da duniyoyinta, amma waɗannan yara ne ƙwarai in an gwada. Sai masana suka ce, ƙaramin dutse mai yawo a sarari yakan huce da wuri, saboda haka wurin da ya ci gaba da aman wuta har kwanan baya lalle babbar duniya ce. Wannan fassara ce mai ma'ana, amma ba ta ambaci sunan duniyar ba.

A 1976 kumbuna biyu masu suna Viking suka sauka a Mirrihi, suka auna iskarta. Suka tarar wajen kashi 95 cikin 100 iskar kabon ce, sa'an nan sauran iskokin, irin su naitirojin da agon da zenon, suna da wani gauraye na musamman wanda ya saɓa wa na duniyarmu. Alal misali, nau'in naitirojin mai nauyi ya fi yawa a can da wajen kashi 60 cikin 100. A 1983 Donald Bogard da Pratt Johnson suka ɗauki wani ɗan uwan Zagami da aka tsinto a ƙanƙarar Antatika, suka zafafa ɗigon gilashin da ke cikinsa, suka auna iskar da ta fito, sai ga ta ta yi daidai da abin da Viking suka auna. A 1995 Kurt Marti da abokan aikinsa suka sami irin wannan iska a cikin gilashin Zagami kansa.

Yaya iska ta shiga cikin dutse? Bayanin shi ne, wani ƙaton dutse ya faɗa wa Mirrihi da ƙarfin da ya isa ya cilla ɓaraguzai sama da gudun da ya wuce kilomita 5 a daƙiƙa guda, wanda shi ne gudun da ake bukata kafin a kuɓuce wa jan wannan duniya. Ƙarfin bugun ya narkar da wasu wurare ƙanana cikin dutsen, suka haɗiye iskar da ke kewaye, suka daskare nan take suka zama gilashi, iskar ta kulle a ciki kamar kumfa a cikin kwalba. Daga nan dutsen ya yi ta yawo a sarari wajen shekara miliyan 3. An san wannan ne domin hasken da ke ratsa sararin sama yana haifar da wasu sinadarai a jikin dutse gwargwadon daɗewarsa a can, kuma ana iya ƙirga su.

Ku lura da yadda maganar ta ginu. Kowane mataki yana da abin da aka auna, yana da abin da aka fahimta daga awon, kuma mataki na gaba ya zo ne ya jarraba na baya. Mai karatun tsakure shi ne mai bin wannan tsani yana taka kowane mataki da ƙarfi ya ji ko zai karye.

Kada kuma a zaci masana kullum bakinsu ɗaya. A kan shekarun Zagami kansa an yi muhawara mai zafi. Awon da aka saba da shi ya nuna dutsen ya daskare wajen shekara miliyan 180 da suka wuce. A 2005 Audrey Bouvier da abokan aikinta a Faransa suka auna nau'o'in dalma da ke cikin irin waɗannan duwatsu, suka ce a'a, shekarunsu sun kai miliyan 4,000, ƙaramin adadin da ake samu alama ce ta wani abu da ya taɓa dutsen daga baya. Tsakanin 180 da 4,000 ba ƙaramar tazara ba ce. Aka yi shekaru ana kai gwauro ana kai mari. A 2013 wasu masana suka auna ƙananan ƙwayoyin wani ma'adini mai taurin kai da ba ya saurin canzawa, a cikin Zagami da wani ɗan uwansa, suka sake samun wajen miliyan 180, kuma a kan wannan mafi yawan masana suka tsaya. Wanda ya karanta tsakure guda daga tsakiyar wannan muhawara ya rufe, zai tafi da rabin labari. Saboda haka ba a karanta tsakure shi kaɗai, sai an nemi wanda ya gabace shi da wanda ya ba shi amsa.

A nan ne kuma za mu ja hankali ga wata 'yar alama da ɗalibai kan tsallake, watau alamar tarawa da ɗebewa da ke bin bayan adadi. In an rubuta 183 sa'an nan aka bi shi da wannan alama da 7, ana nufin amsar tana tsakanin 176 da 190. Adadin da ba a faɗi iyakar kuskurensa ba kamar buhun albasa ne da aka ɗinke baki aka hana mai saye ya duba ƙasansa.

Daɗin daɗawa, mu sani cewa tsakure bai kai matsayin maƙalar da aka buga a mujallar ilmi ba. Ita maƙala sai wasu masana sun tace ta, sun nemi gyara, kafin a buga. Shi tsakure kwamitin shirya taro ne ke dubawa ya ba shi gurbi. Sau da yawa aikin bai ƙare ba, marubucin ya kawo shi ne domin 'yan uwansa su sassaƙe shi. Wasu tsakuren sukan mutu a nan, wasu kuwa sukan zama ginshiƙi. A taron 1976 Alastair Cameron da William Ward suka kawo ɗan gajeren tsakure suna cewa Wata ya samu ne sa'ad da wata duniya mai girman Mirrihi ta yi karo da tamu tun tana jaririya, ɓaraguzan da suka tashi suka dunƙule. William Hartmann da Donald Davis sun faɗi makamancin haka a 1975. Ba a kula da maganar sosai ba sai a wani taro da aka yi a Kona ta tsibirin Hawai a 1984, daga nan ta zama bayanin da ya fi karɓuwa.

Ga kuma misali na ɗaya gefen. A watan Agusta na 1996 David McKay da abokan aikinsa suka buga maƙala a mujallar Science cewa sun ga alamun tsohuwar rayuwa, ta ƙananan halittu, a cikin wani dutsen Mirrihi da aka tsinto a Antatika a 1984. Har Shugaba Bill Clinton ya fito ya yi jawabi a kai. Gidajen rediyo da jaridu na duniya suka ɗauka. A tarurrukan da suka biyo baya masana suka bi hujjojin ɗaya bayan ɗaya, suka nuna cewa kowace alama tana iya samuwa ba tare da wani mai rai ba. Mafi yawansu ba su karɓi da'awar ba. Wannan kuwa maƙala ce da aka tace, a babbar mujalla. In haka ta faru da ita, ina ga tsakure? Darasin shi ne, girman sunan mai magana da yawan masu tafa masa ba sa ƙara wa hujja nauyi ko na ƙwayar gero.

Zagami ba shi kaɗai ba ne. Dutse ya faɗo a Kabo ta ƙasar Kano a 1971, wani a Mayo Belwa ta Adamawa a 1974, wani a Kilabo ta Jigawa a 2002. Ranar 3 ga Afrilu 1984 wani mai nauyin wajen kilo 100 ya faɗo a ƙasar Gujba, wadda yanzu ke jihar Yobe. Mutanen wurin suka farfasa shi kowa ya ɗebi rabonsa. Ashe irinsa ba su da yawa a duniya: dunƙule-dunƙulen ƙarfe ne da na dutse a cakuɗe. A 2005 Alexander Krot da abokan aikinsa suka auna shekarunsa, suka sami wajen miliyan 4,563, suka kawo hujjar cewa ya samu ne daga tururin wani gagarumin karo tsakanin jariran duniyoyi, shekara miliyan kaɗan bayan samuwar rana. Watau wani shafi na tarihin farkon duniyoyi daga ƙasar Gujba aka karanto shi.

Sa'an nan ga abin da ya faru a makwabta. A watan Nuwamba na 2023 aka tsinci ɓallin Mirrihi mai nauyin kusan kilo 25 a yankin Agadas na Jamhuriyar Nijar. A watan Yuli na 2025 aka yi gwanjonsa a kamfanin Sotheby's da ke birnin New York a kan dala miliyan 5 da dubu 300. Gwamnatin Nijar ta ce za ta binciki yadda ya fita daga ƙasar, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Wannan tsohon labari ne da muka sani a kan gyaɗa da auduga da fata: mu ne da kaya, wasu ne da awo da farashi. Wanda bai san darajar abin da ke hannunsa ba, a kan kuɗin goro zai rabu da shi.

Akwai waɗanda suka nuna cewa ana iya yin dabam, kuma ba a nesa suke ba. Ranar 6 ga Oktoba 2008 wani mai duban sama a jihar Arizona ta Amurka, Richard Kowalski, ya hango wani dutse mai faɗin wajen mita 4 yana nufo duniya. Aka yi lissafi aka ce zai faɗo a arewacin Sudan cikin ƙasa da kwana guda, haka kuwa aka yi, ya tarwatse a sama da asubahin 7 ga wata. Wannan ne karo na farko da aka ga dutse a sarari kafin ya iso. A watan Disamba Dokta Muawia Shaddad na Jami'ar Khartum, tare da Peter Jenniskens, suka kwashi ɗalibai da ma'aikatan jami'a su 45 zuwa hamadar Nubiya. Suka jeru sahu guda, suka riƙa takawa a hankali suna duban ƙasa. A wannan fita da waɗanda suka biyo baya an tsinci gutsattsari wajen 600. Aka sa wa dutsen suna Almahata Sitta, watau Tasha ta Shida, saboda tashar jirgin ƙasa da ke kusa. Da aka buga sakamakon a mujallar Nature a 2009, sunayen 'yan Sudan na cikin marubuta. Kayan aikin ɗaliban nan idanu ne da ƙafafu, da malami wanda ya san abin da ake nema. Haka kuma a Maroko, Farfesa Hasnaa Chennaoui Aoudjehane ta jagoranci binciken dutsen Mirrihi da ya faɗo a Tissint a 2011, har ƙungiyar masana duwatsun sama ta duniya ta yi taronta a Kasabalanka a 2014.

To, mu fa? Muna da shawarwari guda huɗu, kuma ba wadda ke bukatar kasafin gwamnati.

Ta farko, a kafa da'irar karatu. Mutum 8 ko 10 sun isa, a haɗa mai karatun fiziks da mai kemistiri da mai lissafi da mai nazarin harshe. Kowane mako a zaɓi tsakure guda, a fara da waɗanda suka shafi Zagami da Gujba. Kowa ya karanta a gida. In an haɗu, mutum ɗaya ya faɗi abin da marubucin ke da'awa cikin jimla ɗaya, da Hausa. Wani ya faɗi abin da aka auna. Wani kuma a ɗora masa aikin musu, ya nemi wata fassarar da za ta iya bayyana alƙaluman nan. A ƙarshe a tambaya, wane awo ne in an yi shi zai rushe wannan da'awa? A makon farko za a ga kalmomi 20 da ba a sani ba a shafi guda. Kada wannan ya karya gwiwa. A rubuta su, a nemo ma'anarsu, bayan wata 3 za a ga su ne dai ke ta maimaituwa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ta biyu, a yi wa harshenmu hidima. Sharaɗin faɗin da'awa da Hausa ba don ado muka sa shi ba. Mutum yana iya haddace jimlar Turanci ya maimaita ba tare da ya gane ta ba, amma ba ya iya juya ta zuwa harshen uwarsa sai ya fahimta. Kakanninmu sun raɗa wa Zahra suna matar Wata, sun san Kaza da 'Ya'yanta, malamanmu kuma sun yi lissafin manzilolin taurari domin sanin lokacin shuka. A ƙarni na 18 Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya yi rubuce-rubuce a kan lissafi da taurari har ya rasu a Alƙahira a 1741. Harshen da ya ɗauki wannan zai ɗauki na yanzu. Kowace da'ira ta ajiye littafin kalmomi, abin da aka amince da shi a aiko wa wannan mujalla.

Ta uku, mu koyi gane dutsen sama. Ƙasarmu cike take da abubuwan da ke ruɗin ido: ga marmara mai nauyi a kan tuddai, ga kashin maƙera a kufai inda kakanni suka narka tama, ga abin da ake kira gatarin aradu wanda a haƙiƙa makamin dutse ne da mutanen da suka sassaƙa. Sabon dutsen sama yana da siririyar baƙar fata kamar an shafa masa kwalta, domin bayansa ya narke sa'ad da yake keta iska. Yawancinsu sun fi dutsen gida nauyi, kuma maganaɗisu yana kama su, ko da yake irin Zagami ba ya kamuwa sosai. Wanda ke da ramuka kamar soso, galibi kashin maƙera ne. Tabbaci dai sai ɗakin bincike.

Ta huɗu ta shafi ma'aikata, musamman malaman gona da malaman makaranta da na ƙananan hukumomi, domin ku ne ke shiga ƙauyuka. In aka ce wuta ta keta sama da ƙara, wani abu ya faɗo, a rubuta rana da sa'a da wurin, a tambayi shaidu daga wace kusurwa ya fito, a ɗauki hoto kafin a taɓa. Kada a wanke shi da ruwa, kada a farfasa, a sa shi cikin leda mai tsabta, a sanar da hakimi da jami'a mafi kusa. A kuma kiyaye haƙƙin mai gona, domin in talaka ya ga za a ƙwace masa ba ko na gode, ɓoyewa zai yi ya sayar wa ɗan kasuwa da dare, kuma ba za mu ga laifinsa ba.

Mu koma ga mai tambayar nan ta taki da albasa. Amsarmu gare shi ita ce, ba mu ce kowa ya zama masanin duniyoyi ba. Cikin ɗari da ke wannan ɗaki watakila biyu ne za su bi wannan hanya, kuma biyun sun ishe mu farawa. Sauran kuwa, aikin da za su tarar a ofis shi ne karanta rahoto. Za a kawo muku takarda mai cewa sabon iri ya ninka amfanin gona, ko rijiyoyin da aka haƙa sun wadatar da gunduma, ko maganin kaza ya rage zazzaɓi. A ƙasan takardar akwai wurin sa hannu, kuma kuɗin jama'a ne zai fita. Wanda ya saba tambayar tsakure, "Me ka auna? Sau nawa? Ina iyakar kuskurenka? Wa ya sake gwadawa?" shi ne zai yi wa wannan takarda irin tambayoyin. Fa'idar koyon wannan a kan duwatsun sama ita ce, a can ba ɗan uwa ba abokin siyasa, ba mai ba ka goro domin ka ce dutse ya fi shekarunsa. Hankali yakan koyi adalci a wurin da son rai ba shi da rabo, sa'an nan ya kawo shi inda ake bukata.

Jama'a, dutse zai sake faɗowa a ƙasar nan, ko a fadamar Jega, ko a gonakin Maiyama, ko a wani wurin da ba mu zata ba, domin sama ba ta daina jifa ba. Abin da ke hannunmu shi ne ko a ranar za a sami wanda ya san abin da ya faɗo, ya adana shi, ya auna, ya rubuta shafi 2 da sunansa da sunan jami'arsa a sama. Muna fata wanda zai yi wannan yana zaune cikinku yanzu, kuma za a fara da'irar farko kafin ƙarshen wannan zangon karatu.